Yadda Ake Sama wa Yaro Makaranta a Legas, da Yadda Za Ka Gane Wadda Ɗalibanta Ke Zarewa

Da zarar Satumba ta kama nakan fara yin baƙi a shagona da ke Agege. Mutum zai zo riƙe da hannun yaro, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, can sai ya gyara zama ya ce, "Malam, makarantar su wannan fa an rufe. Mun je da safe mun tarar da kwaɗo a ƙofa, wai mai ita ya mayar da ginin ɗakunan haya." Wani kuma kukansa daban: ya kai yaro makarantar gwamnati an ce ya kawo takardu, shi kuwa ko ɗaya ba shi da ita, wadda ake da ita ma tana cikin adakar tsohuwarsa a Gumel. Ba don ina da wani muƙami suke zuwa ba. Na dai daɗe a kwamitin iyaye na wata firamaren gwamnati a unguwarmu, 'ya'yana huɗu kuma duk ta hanyar nan suka bi, har na haddace ta kamar yadda direban danfo ya haddace Oshodi zuwa Sango.

Kowa ya san maganar da ake yi cewa makarantun Legas sun cika sun batse. Haka ne a wurare da yawa, amma ba ko'ina ba. A cikin garin nan guda akwai ajin da yara ke zama huɗu-huɗu a benci, akwai kuma wanda rabin kujerunsa ƙura ce ke zaune a kai. Kuɗin haya ya kori iyalai daga tsakiyar gari zuwa Ikorodu da Badagry, wasu har sun tsallaka jihar Ogun, su Sango Ota da Mowe da Ibafo. Hana acaba da aka yi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumbar shekarar, ya sa 'yan'uwanmu da dama sun kwashe iyali sun mayar gida. Sai kuma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa mai biyan kuɗin makarantar yara uku ya koma lissafin wanda zai fara cirewa. Duk yaron da ya tashi, akwai kujerar da ya bari.

Ga abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai. Raguwar ɗalibai a makarantar gwamnati sau da yawa dama ce gare ka, domin albashin malamanta ba daga aljihun iyaye yake fitowa ba. A makarantar kuɗi kuwa gargaɗi ne, don ɗaliban su ne jarin, su ne albashin, su ne kuɗin hayar ginin.

Da farko, san ƙofar da za ka buga

Rabin wahalar da mutanenmu ke sha daga zuwa ofishin da ba shi ba ne. Firamaren gwamnati, waɗanda sun haura dubu ɗaya a jihar, suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB, mai hedikwata a Maryland. Amma kai ba can za ka fara zuwa ba. Kowace daga ƙananan hukumomi 20 tana da ofishin ilimi nata, kuma shi ke kula da firamaren yankin. Ka lura: ƙananan hukumomin raya ƙasa 37 da aka ƙirƙira daga baya ba su canja wannan lissafi ba. Mazaunin Orile-Agege ofishin ilimi na Agege zai nema.

Sakandare kuma an raba ta gundumomin ilimi shida. Mu na Agege, tare da Alimosho da Ifako-Ijaiye, muna gunduma ta ɗaya, ofishinta na harabar Dairy Farm. 'Yan Mile 12 da Ketu suna cikin Kosofe, wato gunduma ta biyu, a Maryland. Obalende ta uku, a Falomo. Ijora da Apapa ta huɗu, a Sabo Yaba. Alaba Rago da sauran Ojo ta biyar, a Agboju. Idi-Araba tana cikin Mushin, gunduma ta shida ke nan, a Oshodi.

Makarantun kuɗi kuwa, mai ba su izini da sa musu ido shi ne ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha, OEQA. Shi ne kuma ke fitar da jadawalin shekarar karatu da kowa ke bi: zango uku, ana farawa a Satumba.

Na biyu, takardu, kuma nan za mu daɗe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun nan tun watan Mayu ko Yuni ake haɗa su, ba daren komawa makaranta ba.

Uwar takardu ita ce shaidar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa. Ba katin asibiti ba, ba takardar da limami ya rubuta ranar suna ba. Ma'aikatan hukumar suna zama a sakatariyar ƙaramar hukuma da cibiyoyin lafiya da yawa, inda mata ke kai yara rigakafi. Idan ta yaronka tana gida Arewa, a aiko maka da ita ta hannun direban da ka yarda da shi. Kada ka je ka yi sabuwa da wata ranar haihuwa dabam, don ranar da biyun suka haɗu a tebur ɗaya kai ne za ka sha bayani.

Sai katin mazaunin Legas, wanda hukumar LASRRA ke bayarwa. Na san da yawa daga cikinmu suna ɗari-ɗari da shi, wai tarko ne na haraji, ko na ƙirga 'yan Arewa. Rajistar mazauna ce kawai, ba a tambayar ko kai ɗan asalin jihar ne kafin a yi maka, kuma makarantun gwamnati suna neman lambar. Ka yi naka, ka sa a yi wa yaran. Haka lambar NIN: ana yi wa yaro ta hanyar jingina shi da ta uba ko uwa, kuma ko ba a nema a aji ɗaya ba, ba zai rubuta JAMB ba sai da ita. A haɗa da hotunan fasfo kamar shida, da katin rigakafi ga ƙananan yara, da sakamakon zangon ƙarshe ga wanda ya taɓa shiga wata makaranta. In kana da shaidar biyan haraji, sa ta cikin fayil ɗin. A matakin sakandare akan tambaye ta.

Yanzu ga inda muke faɗawa rami, wato suna. Mu a al'adarmu yaro yana da sunan yanka, yana da laƙabin da ake kiransa a gida saboda kara, sannan a bi da sunan uba, wani lokaci da na gari. Fom ɗin makaranta kuwa bai san kara ba. Gurbi uku gare shi: sunan iyali, sunan farko, na tsakiya. Malamar da ke cike fom Bayarabiya ce, ta tambayi yaro sunansa, ya ce Abba, ta rubuta Abba, alhali a takardar haihuwa Ibrahim ne. Ta tambayi uwa sunan iyali, ita kuwa ba ta faɗin sunan miji, sai ta faɗi na garinsu. Shekara shida ana tafiya a haka, sai ranar rajistar jarrabawa a ga yaro ɗaya da suna uku. Na ga Ummi da ta zama Ummi a makaranta, Hauwa'u a takardar haihuwa, Hauwa a NIN. Gyaran wannan sai da takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, da zirga-zirgar da ta fi kuɗin littattafan shekara.

Maganin mai sauƙi ne. Ka zauna da uwar yara, ku tsayar da rubutu ɗaya: Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu, Aisha ce ko A'ishatu. Wanda ke kan takardar haihuwa shi ne alƙali. Ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, ka nuna wanne ne sunan iyali, ka miƙa wa mai cike fom, ka tsaya har ta kwafa. In ta gama ka ce, "Madam, don Allah in gani." Ba rashin kunya ba ne.

Kowace takarda a yi mata kwafi uku. Ta asali ana nunawa ne, ba a barinta a makaranta.

Na uku, je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Ka zaɓi makarantu uku da yaro zai iya zuwa da ƙafa, ko da Keke Marwa, wato adaidaita sahu, ɗaya, ba tare da tsallaka babban titi ba. Wanda ya san titin Legas zuwa Abeokuta da ƙarfe bakwai na safe ya san abin da nake nufi. Makaranta mai kyau da sai an hau mota biyu, zango ɗaya za ka jure, a na biyu yaro ya fara fashi duk ranar da kasuwa ta ƙi.

Ka je a zango na uku, tsakanin Mayu da Yuli, ranar karatu, ba ranar bikin raba kyaututtuka ba. Ka tsaya daga nesa lokacin taron safe ka ƙirga layuka. Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka yi wannan. Abin da za ka duba shi ne siffar layukan: a makaranta mai lafiya, 'yan aji ɗaya da biyu sun kai 'yan aji biyar da shida yawa, ko sun fi su. In ka ga layin manya dogo, na ƙanana guntu, sababbi sun daina shigowa. In kuma ƙanana sun cika amma daga aji huɗu layi ya tsinke, iyaye suna gwadawa ne suna janyewa, sai ka tambayi dalili.

A makarantar gwamnati, aji mai yara talatin maimakon saba'in alheri ne. Malama za ta san sunan ɗanka, za ta duba littafinsa. Sai dai ka tambayi shugabar makaranta abu biyu: malamai nawa take da su, kuma ko an haɗe wasu azuzuwa. Domin idan yara suka ragu sosai, hukuma takan ɗauke malamai ta kai inda ake cunkoso. Ka kuma duba ko raguwar daga ƙaurar mutane ce ko daga makarantar kanta: rufi mai yoyo, harabar da ruwa ke kwanciya duk damina, katangar da ta faɗi har 'yan shaye-shaye suka mayar da wurin majalisa. Na farko dama ce. Na biyu, iyayen da suka riga ka tafiya sun san abin da suka gani.

Akwai wata dabara da mutane ba su cika sani ba. A Legas sau da yawa makarantu biyu, uku, har fiye, suna zaune a haraba guda, kowace da shugabanta da rajistarta. Asalin yawancin wannan tun zamanin Lateef Jakande ne, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya soke tsarin karatun safe da na yamma ya gina azuzuwa birjik. Harabar Tolu da ke Ajegunle ita ce babban misali, makarantu ne jingim a wuri ɗaya. Saboda haka in an ce maka wannan ta cika, kada ka juya gida. Tambayi ta bayanta. Sau da yawa ta bakin ƙofa ce ke cika, ta ciki tana neman yara.

Makarantar kuɗi kuwa bincikenta ya fi tsanani. Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000 a jihar nan, kuma mafi yawansu a lokacin ba su da amincewar gwamnati. Ba ina cewa duk marar takarda banza ba ce; na san ƙananan makarantu a lunguna da suke koyar da karatu fiye da masu fenti. Amma ka san abin da kake saye. Ka ce a nuna maka takardar amincewa. Ka tambaya: ginin nasu ne ko haya? Malamar aji uku shekara nawa ta yi a nan? 'Yan aji shida a ina suke rubuta jarrabawa, da sunan wace makaranta? Wadda ba ta da izini takan kai yaranta su rubuta a ƙarƙashin wata, kuma gara ka san haka tun yau.

Alamomin makarantar da ke gab da durƙushewa ba sa ɓuya. Malama ɗaya tana riƙe da aji biyu a ɗaki ɗaya, an raba su da allo. Kowane zango sabuwar fuska. Motar makaranta ta kwana biyu a kan duwatsu. Sai kuma rangwamen da ya wuce hankali: "Alhaji, kawo uku, na ukun kyauta, in ka biya na shekara gaba ɗaya mu rage maka kashi ɗaya cikin uku." Ni wannan ya taɓa cina. Na biya kuɗin shekara na yara biyu a wata makaranta don jin daɗin ragi, kafin hutun Disamba malamai suka watse saboda bashin albashi, mai makarantar ta daina ɗaga waya. Tun daga ranar ba na biyan fiye da zango ɗaya, kuma ba na fita sai da rasit mai hatimi.

Mai sayar da abinci a bakin ƙofa da maigadi sun fi allon talla gaskiya. Maigadin ma sau da yawa namu ne. Ka yi masa sallama da Hausa, ka zauna minti goma, za ka ji abin da ba za a faɗa maka a ofis ba.

Na huɗu, ranar rajistar firamare

Wannan ba shi da wuya in takardu sun cika. Yaro mai shekara shida aji ɗaya zai shiga. Makarantun gwamnati da yawa suna da ajin share fage na ƙanana. Ka je da yaron da kanka, ko uwarsa ta je, a makon farko na zango ko tun kafin a tafi dogon hutu. Kada a aika yayansa ɗan shekara goma sha biyu. Ka nemi ofishin shugaban makaranta, ka gaishe shi yadda ake gaida manya a nan, ka miƙa fayil. Za a cike fom, a yi wa yaro 'yan tambayoyi in ya taɓa karatu, a nuna masa aji.

Karatun kyauta ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma tilas, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Abin da ke kanka shi ne yunifom, takalmi, jaka, littattafan rubutu da kuɗin abincin tara. In wani ya tare ka a bakin ƙofa ya ce shi zai shigar maka da yaro in ka ba shi wani abu, ka wuce shi. In a ciki aka nemi kuɗi, ka tambaya na mene ne, ka nemi rasit, cikin ladabi. In an ce babu gurbi a duk harabar, ka tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ka ce a nuna maka mafi kusa da ke da wuri. Wanda yaronsa ya daɗe a gida saboda rashin kayan makaranta ya tambayi shirin Project Zero na LASUBEB, wanda aka yi don mayar da irin waɗannan yara aji.

Kafin ka fita, ka ba da lambar waya biyu masu aiki, ka karɓi ta malamar aji.

Na biyar, tsallakawa zuwa sakandare

Hanya uku ce, kuma kowace da lokacinta. Wanda ya jira Satumba ya rasa biyu.

Ta farko ita ce ta kowa: ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. Hukumar shirya jarrabawa ta jiha, wadda ofishinta ke Iyana-Ipaja, ita ke gudanar da tantancewar 'yan aji shida, daga nan a rarraba su makarantu. Ɗan firamaren gwamnati makarantarsa ce ke yi masa rajista. Ɗan makarantar kuɗi kuwa sai ka tashi tsaye: tun zango na biyu ka gaya wa mai makarantar cewa gwamnati za ka mayar da yaro, a sa sunansa. Wasu ba sa son jin haka, musamman masu sashen sakandare da ke neman ɗalibai ido rufe, sai su yi ta ja maka rai har lokaci ya wuce. Ka nemi shaidar cewa an yi rajistar. Wajen cike adireshi kuma a sa inda kuke kwana, ba shagonka na kasuwa ba, don kada a tura yarinya makarantar da sai ta fita kafin asuba.

Ta biyu makarantun kwana na musamman na jiha, irin na Meiran, Kankon, Igbonla da Badore. Waɗannan sai an sayi fom ta intanet, a rubuta jarrabawa a kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kai shi shagon intanet ya saba kafin ranar. Ka kuma yi lissafi da kyau: a 2024 an ɗaga kuɗin kwana daga naira 35,000 zuwa 100,000 a zango, abin da ya sa iyaye suka yi zanga-zanga.

Ta uku makarantun tarayya, su King's College da aka kafa a 1909, Queen's College ta Yaba, da kwalejin tarayya ta Ijanikin. Jarrabawarsu NECO ke shiryawa, galibi wajen watan Yuni. Abin da ya kamata mu sani shi ne ana la'akari da jihar asali wajen ɗauka, kuma yaro zai iya rubutawa a Legas ya zaɓi makarantar tarayya da ke kusa da kakanninsa a Arewa. Ga mai tunanin mayar da iyali gida nan gaba, wannan hanya ce mai kyau.

Akwai kuma tsofaffin makarantun ƙungiyoyin Musulmi da gwamnati ta mayar wa masu su a 2001, irin Anwar-ul-Islam ta nan Agege da Ansar-ud-Deen ta Isolo. Yanzu na kuɗi ne, da tasu jarrabawar shiga.

Wata shawara da ba kowa ke so ba: kada ka yarda a tsallakar da yaro daga aji huɗu ko biyar zuwa sakandare. Makarantar kuɗi takan yi maka daɗin baki cewa ɗanka haziƙi ne, alhali kujerun sashen sakandarenta take son cikewa. Jami'a galibi ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba, sai ya gama ya zauna gida yana jiran shekaru.

Na shida, yaron da aka kawo daga gida

Wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a tsakiyar karatu yana buƙatar takardar canjin makaranta da sakamakonsa na ƙarshe, da hatimin makarantar da ya baro. A karɓo su kafin a hau mota. Na firamare kai tsaye wurin shugaban makaranta za a je. Na sakandare sai ta ofishin gunduma, kuma akan yi masa gwaji. A nemi canji a farkon shekarar karatu, kuma a guji ajin jarrabawa, wato aji uku na ƙarama da na babbar sakandare, don da wuya a karɓa.

Kusan kullum gwajin nan yakan nuna Turancin yaro bai kai ba, a ce a mayar da shi baya aji ɗaya. Iyaye kan ji zafi, su ɗauka raini ne. Ni dai ina ba da shawarar a karɓa. Yaron da ya iya lissafi da Hausa, ya sauke izu goma, ba daƙiƙi ba ne. Kunnensa ne bai saba ba, kuma shekara guda ta ishe shi. A nan ne makarantar gwamnati mai ƙarancin ɗalibai ta fi amfani, don a aji mai cunkoso irin wannan yaro bayan aji yake komawa ya yi shiru har shekara ta ƙare.

Abu biyu da za su ba shi mamaki. Yarabanci darasi ne na dole a makarantun jihar bisa dokar 2018. Kada ka hana shi. Yaranmu da suka tashi a Agege ma da shi suke ciniki. Sai hijabi: Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 17 ga Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Legas. Ka tambayi launi da tsawon da ya dace da yunifom, a ɗinka haka. In wani malami ya yi gardama, kada a yi hayaniya a bakin aji. Shugaban makaranta za a gani, in bai warware ba a wuce gunduma. A makarantar kuɗi kuwa, musamman ta coci, tun kafin ka biya ko kwabo ka yi wannan tambaya.

Ka kuma daidaita da malamin Islamiyya tun farkon zango, don lokacin tashi daga boko da cunkoson hanya kada su riƙa cinye karatun yamma.

Na bakwai, riƙe gurbin bayan an samu

Wannan laifinmu ne, gara mu faɗa wa kanmu. Sallah ta zo, a kwashi yara a tafi gida, hutun kwana biyu ya zama wata biyu. Damina ta faɗi, a tura babban ya taya kaka noma. Bikin ƙanwar uwa, a tafi da kowa. Malama tana kiran suna kullum ba amsa, ƙarshe ta ja layi. Mu dawo mu ce an kori ɗanmu don Bahaushe ne. Sannan a takardar hukuma, makarantar unguwarmu ta zama mai raguwar ɗalibai, a ɗauke mata malamai, mu kuma mu ce gwamnati ta yi watsi da mu. A kwamitinmu na sha ganin shugabar makaranta ta buɗe rajista tana nuna mana sunaye, Sani, Rabi, Bashir, Zainab, tana tambaya, "Alhaji, mutanenka ina suka shiga?" Ba ni da amsa.

In tafiya ta zama dole, ka je da kanka ka faɗa, a rubuce, da ranar dawowa. Ka duba jadawalin zango kafin ka sayi tikiti, ka kauce wa makonnin jarrabawa. Ka riƙa zuwa taron iyaye ko ba ka jin duk abin da ake faɗa. Ka tafi da wanda zai fassara maka. A wurin nan ake fara jin ƙishin-ƙishin ɗin haɗe azuzuwa ko ɗauke malami, kuma iyaye goma da suka je ofishin ilimi tare sun fi ɗaya da ya je yana faɗa.

Idan kuwa makarantar kuɗi ce ta rufe da yaronka a ciki, kada ka ɓata makonni kana bin kuɗinka tukuna. Ranar da ka ji labari ka nemi mai makarantar ko shugaban malamai, ka karɓi sakamakon yaro na duk shekarun da ya yi, da takardar canji mai hatimi, tun hatimin bai ɓace tare da mai shi ba. In ɗan aji shida ne ko aji uku na sakandare, ka tambaya ko an riga an yi masa rajistar jarrabawa, da sunan wace makaranta, ka karɓi lambar. Ka haɗa kai da sauran iyaye ku kai ƙorafi OEQA a rubuce, da kwafin rasit ɗinku. Washegari kuma ka ɗauki fayil ɗin nan da yaron, ku nufi firamaren gwamnati mafi kusa, ka fara tambaya daga ta can cikin haraba.